Abin da aiki ya koya mini game da zaɓen injin washi na gareji

Duk wanda ya mayar da garejin gidansa wurin 'yan gyare-gyare, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa dutsen washi na hannu da magagari ba za su ishe shi ba. Adda ta dakushe, bakin cizal ya ɓalle, kan noti yana buƙatar a rage shi, ga kuma tsatsar da ta lulluɓe tsofaffin sifanoni. A nan ne ake fara tunanin sayen injin washi na kan teburi, wato giranda mai duwatsu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wadda ake ɗaurewa a wuri guda, saɓanin ta hannu da masu walda ke aiki da ita. Shekarun da na yi ina amfani da irin wannan inji, tare da zama kusa da makanikai da kafintocin da suka fi ni ƙwarewa, sun nuna mini cewa yawancin masu saye suna tsayawa ne a kan sunan kamfani da ƙyallin fenti, alhali kuwa kyawun aiki ya rataya ne a kan dutsen da ke jikin injin, da saurin juyawarsa, da kuma yadda injin ke zama daram idan an kunna shi.

Injin kansa ba shi da wani sarƙaƙiya. Na'urar lantarki ce mai sanda guda da ta ratsa ta tsakiya, boris biyu suna riƙe da sandar, an ɗaura dutse a kowane ƙarshe. Saboda haka abu na farko da nake karantawa shi ne ɗan farantin bayanin da ke manne a jikinsa. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya volt 230 ce a kan hatz 50, kuma a irin wannan wuta injin washi na yau da kullum yana yin juyi kusan 2,850 zuwa 2,950 a minti ɗaya. Idan mutum ya ga an rubuta 3,450, to injin an ƙera shi ne don wutar Amurka mai hatz 60, kuma sau da yawa volt 120 yake buƙata. Wannan yana da muhimmanci ga mai neman na hannu a wurare irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake samun tsofaffin injuna masu ƙwari da suka fito daga ƙasashe daban-daban. Injin Amurka yana iya aiki da taransifoma mai rage wuta, amma zai juya a hankali fiye da yadda aka tsara shi, kuma yana saurin ɗaukar zafi, don haka sai a haɗa kuɗin taransifomar da wannan wahalar a cikin lissafi kafin a ce an yi araha.

Girman dutse iri biyu ne aka fi samu don aikin gida, mai inci 6, wato milimita 150, da mai inci 8, wato milimita 200. Bambancin ya wuce abin da ido ke gani. A juyi 2,850, bakin ƙaramin dutse yana wucewa a kan ƙarfe da gudun kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, babban kuwa kusan mita 30, ma'ana babban ya fi cin ƙarfe da sauri, ya kuma fi haifar da zafi. Yana da faɗin fuska wanda ke sauƙaƙa riƙe adda ko gatari, kuma ramin da yake bari a bakin cizal bai kai na ƙaramin zurfi ba. Ƙaramin ya fi araha, duwatsunsa sun fi saukin samu, kuma ya isa ga wanda aikinsa bai wuce gyaran noti, da wasa bakin mahuji, da share gefen ƙarfen da aka yanka ba. Game da ƙarfi, injunan da aka rubuta wa wat 150 zuwa 200 suna tsayawa da zarar an ɗan danna musu ƙarfe mai kauri, kuma ni dai ban ga amfanin ajiye su a gareji ba. Wat 350 zuwa 400 ya dace da mai inci 6, babban kuwa yana son 550 ko fiye.

Akwai wani rubutu a farantin da ba kowa ke lura da shi ba. Idan an sa S1, injin yana iya aiki ba tsayawa, idan kuwa an sa S2 da adadin mintuna, misali 30, to bayan wannan lokaci dole a bar shi ya huce. A wurinmu, inda wuta kan zo da rauni, wannan gargaɗi ya fi nauyi, domin irin wannan inji yana ƙara jan lantarki idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa, koyil ya yi zafi har ya ƙone. Haka kuma a lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa fiye da lokacin da ya daidaita, shi ya sa ƙaramin janareta na wat 650 zuwa 900 yake shaƙewa idan an jona masa babban injin washi, ko da lissafin da ke takarda ya nuna ya kamata ya ɗauka.

Darasin da ya fi kowane tsawon koyo shi ne na zafi. Taurin da ke bakin cizal ko wuƙa, wuta da ruwa ne suka ba shi a hannun maƙeri ko a masana'anta, kuma zafi ne ke iya ƙwace shi. Yayin da ake washi, bakin ƙarfe, wanda shi ne wuri mafi siriri, yana ɗaukar zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da farko yakan yi ruwan ɗorawa mai haske a wajen digiri 220 zuwa 230 na ma'aunin Selshiyas, sai ya koma ruwan ƙasa, sai shuɗi a wajen digiri 300. Da zarar shuɗin nan ya bayyana a bakin cizal na kafinta, taurin wurin ya tafi, kuma goge launin ba ya dawo da shi. Cizal ɗin zai yi kaifi a ido, amma yana shiga katako mai tauri sai bakin ya lanƙwashe, kuma babu magani sai a cinye duk wurin da ya ƙone a sake fitar da sabon baki. Na sha ganin mutum yana zargin kayan aikinsa da cewa jabu ne, alhali a kan dutse ya kashe su da hannunsa. Dabarar ita ce a sassauta hannu, a riƙa zagaya ƙarfen a faɗin fuskar dutsen, a ajiye gwangwanin ruwa kusa ana tsoma shi tun kafin ya yi zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba. Bakin mahuji da aka rubuta wa HSS, wato wani irin ƙarfe mai jure zafi, ya bambanta, domin yana riƙe taurinsa har zuwa wajen digiri 600, sai dai shi kuma ba ya son a tsoma shi cikin ruwa yana da tsananin zafi, saboda yakan yi 'yan ƙananan tsagogi a baki.

Wannan matsala ta zafi ce ta sa ake ƙera injuna masu rabin gudu, masu juyi kusan 1,450 a wutarmu. Wanda mafi yawan aikinsa wasa kayan kafinta ne, shi ya fi dacewa da su, ko da yake sun fi tsada kuma suna jinkiri wajen cin ƙarfe mai yawa. Akwai ma na kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin, wanda dutsensa ke juyawa a cikin ruwa sau 90 kacal a minti, ba ya ƙona baki ko kaɗan, amma wannan na masu sana'ar kaifi ne, ba zai rage maka kan noti ba, kuma kuɗinsa ya ninka na injin gareji sau da yawa.

Hanya mafi sauƙi ta rage zafi ita ce canza dutse. Duwatsun nan masu ruwan toka da ke zuwa da sabon inji, yawanci ɗaya mai kaushi lamba 36 ɗaya kuma matsakaici lamba 60, an yi su ne da alminiyam oksayid mai ɗaure sosai, don su daɗe ba su cinye ba. Suna da kyau ga ƙarfen gini da aikin share walda, amma ƙwayoyinsu kan dakushe su zauna a wurin, sai su koma gogar ƙarfe maimakon yankarsa, nan take zafi ya tashi. Farin dutse shi ma alminiyam oksayid ne, amma ƙwayoyinsa suna farfashewa su fito da sabon kaifi, don haka yana yanka da sanyi, ko da yake yana saurin ƙarewa. Koren dutse na silikon kabayid ne, ana amfani da shi wajen wasa bakin mahujin kankare da sauran kayan da ke da tangistin kabayid a baki. A jikin takardar kowane dutse akwai rubutu irin A60K5V, inda A ke nufin alminiyam oksayid, 60 girman ƙwaya, K kuma matakin tauri a jerin haruffa daga A mafi laushi zuwa Z mafi tauri, V tana nuna cewa gasa dutsen aka yi a wuta. Abin da na tsaya a kai shi ne barin mai kaushi a gefe ɗaya don aikin ƙarfi, a sa fari lamba 60 ko 80 a ɗaya gefen don kaifi. Kafin a biya kuɗin inji kuma, ya kamata a auna kaurin sandarsa, domin akwai mai milimita 12.7, akwai mai kusan 16, wasu injunan Turai kuma ramin dutsensu milimita 32 ne, kuma injin da ba a samun dutsensa a kasuwar garinku zai zama kayan ajiya ranar da na jikinsa ya cinye.

A wurin saye, ina roƙon a kunna mini injin in gani da idona. Mai kyau yana tashi da sauri, ƙararsa ta daidaita, ba ya tafiya a kan teburi, kuma idan an kashe shi yana ɗaukar lokaci kafin ya tsaya cak. Idan yana a kashe, nakan kama sandar in girgiza ta sama da ƙasa, domin duk wani motsi alama ce ta boris da ya ci. Nauyi a nan abin so ne, gindin ƙarfen zubi ya fi na gwangwani shanye girgiza nesa ba kusa ba. Sai kuma madogarar da ake ɗora ƙarfe a gaban dutse, wadda masu ƙera injuna masu araha suka fi yi wa rowa. Idan siririn faranti ce da yatsa ke iya lanƙwasawa, ba za a taɓa samun kusurwa ɗaya sau biyu ba, alhali bakin cizal na katako yana son digiri 25, bakin mahuji na ƙarfe kuma 118. Abin farin ciki shi ne mai walda na unguwa yana iya ƙera madogara mai kauri da kuɗi kaɗan.

Dutsen da ke juyawa kusan sau 3,000 a minti, idan ya fashe, gutsattsarinsa suna iya kashe mutum, kuma wannan ne ya sa ba na wasa da gwajin sabon dutse. Tunda gasa shi aka yi, ana gwada shi kamar yadda mata ke ƙwanƙwasa sabuwar tukunyar ƙasa a kasuwa: a rataye shi a yatsa ta raminsa, a buga shi a hankali da ƙotar katako, mai lafiya ya yi amo garau, mai tsaga ya yi ƙara a dushe, shi kuwa sai a fasa shi a zubar don kada wani ya ɗauka. A tabbata iyakar gudun da aka rubuta a jikin dutsen ya kai ko ya wuce na injin. Takardun nan masu kauri da ke gefensa biyu ba ado ba ne, su ne ke hana farantan ƙarfe murƙushe shi, kuma ba a ɗaure noti da ƙarfin tsiya. Notin gefen hagu a juye yake, ana kwance shi ta hanyar da ake ɗaure sauran notuna. Bayan an ɗaura, a koma gefe a bar injin ya yi minti guda yana juyawa kafin a tsaya a gabansa. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce tazarar madogara da dutse kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, kusan milimita 3, ta harshen murfin sama kuma kada ta wuce milimita 6, kuma tunda dutse yana raguwa da aiki, dole a riƙa matso da su. Tazara mai faɗi ita ce ke haɗiye ƙarfe ta ja yatsa tare da shi. Saboda wannan dalili ne ma ba a sa safar hannu a wannan aiki, ba a kuma tsayawa da babbar riga ko hannun kaftani a sake. Tabarau na kariya kuwa wajibi ne ko da injin yana da gilashinsa.

Tare da injin ya kamata a sayi abin gyaran fuskar dutse, ko mai taurarin ƙarfe ko mai ƙwayoyin daimon, domin dutsen da ya yi santsi ko ya yi kwari a tsakiya ba ya yanka, kuma girgizar da ake ɗora wa inji laifinta sau da yawa daga dutsen da bai daidaita ba take. Alminiyam da tagulla da katako ba su da wuri a kansa, suna toshe ƙofofin dutsen su sa shi zafi, haka nan ba a washi a gefensa, a fuska kawai aka yi shi ya ɗauki nauyi. Masu cire dutse ɗaya su sa buroshin waya don kankare tsatsa suna samun amfani sosai, sai dai wayoyin suna tsinkewa su yi tsalle, shi ya sa a lokacin nake ƙara abin rufe fuska gaba ɗaya.

Wurin ajiye injin a gareji shi ma yana cikin zaɓi, tunda gareji ne wurin da jarkar fetur, da janareta, da batirin mota, da tsummokara masu mai suke taruwa, tartsatsi kuwa yana tafiya mita da yawa. Nawa yana kan teburin ƙarfe daban kusa da ƙofa, an ɗaure shi da notuna huɗu a kan guntun taya don rage girgiza, tsayinsa daidai gwiwar hannuna, bayansa yana kallon bangon bulo, fetur kuma yana wani ɗaki. Soket ɗinsa yana da wayar ƙasa, kuma nakan zare fulogi idan na gama, saboda yara suna shiga garejin, sannan idan aka ɗauke wuta makunnin yana kunne, injin zai tashi da kansa a lokacin da aka dawo da ita.