Yadda nake mai da alƙaluman Facebook zanen da mai shago zai gane

Ina yi wa wasu masu sayar da atamfa da shadda a kasuwar Wunti, nan Bauchi, aikin zana alƙaluman shafukansu na Facebook da Instagram. Tambayarsu ba ta wuce ɗaya: wace rana, kuma da wane lokaci, ya fi dacewa a ɗora hoton kaya?

Daga Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci na Facebook da Instagram, nake sauke fayil ɗin CSV (tebur ɗin alƙaluma) na wata 3, in buɗe shi a Google Sheets. Ba na taɓa zane sai na gyara lokaci, domin a nan aiki ya fi lalacewa. Sau da yawa lokacin da ke cikin fayil ɗin na yammacin Amurka ne. Mun riga su da awa 9, ko awa 8 daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, lokacin da suke tura agogonsu gaba. Hoton da aka ɗora ƙarfe 9 na dare sai ya fito kamar na tsakar rana. Ka gwada da wallafa ɗaya da ka san lokacinta, sannan ka buɗe sabon ginshiƙi da =A2+9/24 ko =A2+8/24, inda A2 yake nufin gidan teburin da lokacin wallafar yake ciki. Kwanan wata ma a tsarinsu yake zuwa: 03/04 na nufin 4 ga Maris.

Adadin mutanen da wallafa ta kai gare su ba a tara shi. Wanda ya ga hoton Litinin ya kuma ga na Talata mutum ɗaya ne. Abin da nake yi shi ne in haɗa alamar so, tsokaci da yaɗawa, in raba da adadin waɗanda suka gani, in ninka da 100. Wallafar da aka biya wa kuɗin talla a gefe nake ajiye ta, haka ma makonnin azumi da jajibirin sallah, saboda ciniki da lokacin riƙe waya duk canzawa suke yi.

Zanen da ya fi yi mini amfani tebur ne mai launi: ranakun mako a tsaye, lokuta a kwance. Maimakon awa 24, na raba yini da salloli: bayan Asuba, Azahar, La'asar, Magariba da Isha, tunda da su mutanenmu ke auna yini. A kowane gida ina sa lambar tsakiya, wato wadda ke tsakiya in an jera sakamakon wallafofin daga ƙarami zuwa babba, ba matsakaici (jimla a raba da yawansu) ba, don bidiyo ɗaya da ya yi tashe yakan ja matsakaici sama ya ruɗi mutum. Gidan da wallafarsa ba ta kai 5 ba, fari nake barinsa.

A zanen sanduna kuwa, dole ma'auni ya fara daga sifili, in ba haka ba ɗan bambanci sai ya zama kamar ninki. Tunda a WhatsApp Alhaji mai shago zai duba, launi ɗaya nake sawa daga mai haske zuwa mai duhu, rubutu manya, amsar kuma in rubuta ta a saman zanen da Hausa.