Tukuicin ya tafi aljihu ɗaya

Yau dai kujerun da na ishe ku da zancensu sun iso, bayan sati uku ana ce min gobe, gobe. Sha ɗaya saura na ji hon, na leƙa ta taga, ga mota ga mutum uku. Auta har da tsalle.

Ƙananan biyun ba su ba da wahala ba. Doguwar, mai cin mutum uku, ita ce ta ce ba ta san zance ba. Kun san kwanar matakalar benenmu, wadda ko katifa sai an lanƙwasa take wucewa. Nan ta cije. Suka sauko da ita, suka kwance ƙafafunta huɗu, suka tsayar da ita tsaye, suka sake hawa. A ƙarshe sai da aka cire ƙyauren falo. Kusan awa guda.

Akwai wani yaro a cikinsu, ba zai wuce shekara 20 ba, shi ne a ƙasa duk hawan nan. Wanda ya taɓa ɗaukar kaya a matakala ya san nauyin kan na ƙasa yake zubowa. Ina tsaye ina ganin jijiyoyin wuyansa, riga ta manne masa a baya. A kwanar hannunsa ya matse tsakanin katako da bango, ya ce "wash" can ƙasan maƙoshi, amma bai saki ba. Da suka dire na ga bayan yatsunsa ya saluɓe. Na kawo masa ruwa da filasta. Ruwan ya shanye, filastar ya sa a aljihu.

Babbansu shi ne direba, shi ke riƙe da takarda. Nasa aikin "ɗaga, ɗaga, karkato ta hagu." Ban raina masa ba, don shi ya kawo dabarar kwance ƙafafun. Amma ko ɗigon gumi bai yi ba.

Na shige ɗaki na kira Abban yara, na ce nawa zan ba su? Ya ce, "Ba mun biya kuɗin kawowa ba? Duba rasit." Na ce wannan ai na masu shago ne, kuma ba a rubuta hawa bene da cire ƙofa a ciki ba. Ya ce to in ba su abin da ya sauwaƙa, yana cikin taro.

Na buɗe jaka, babu canji, manyan takardu ne guda biyu. Biyu kuma ba ta rabuwa uku. Na dunƙule su na fito, na sa hannu a takardar, na ce, "Malam, ga wannan ku sha ruwa."

"Haba Hajiya, da kin bar shi." Bakin na faɗa, hannun ya riga ya miƙo. Ko dubawa bai yi ba ya zura a aljihun gaba. A lokacin yaron ya juya mana baya yana mayar da ƙyauren, ɗayan kuma ya sauka da kwalaye. Ba wanda ya gani sai ni da shi. Da za su tafi yaron ya ce, "Allah ya sa a kashe lafiya, Hajiya," ya ɗauki sukundirebansa ya sauka.

Tun da motar ta tashi abin ke cin raina. Me ya hana ni ɗaga murya in ce na ku ukun ne? Kunya na ji, kada ya zama ina gori, ko ina zargin dattijon mutum a gaban yaransa. Wataƙila ma ya raba tun a mota, ni ce nake ɗaukar alhakinsa. Amma ban sani ba, kuma don yaron nan na buɗe jakar.

Abincin rana ya kama. Na manta da shi a wuta.

Da yamma muka yi waya da Yaya, na ba ta labari. Ta ce su a Amurka tun kafin masu kaya su iso take tanadar canji, sai an gama aiki ta duba kayanta, sannan ta miƙa wa kowa nasa a hannu. Ta ce can tukuici ya wuce ganin dama, musamman a gidajen abinci, don dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 a awa, kuma tun 1991 adadin bai motsa ba, sauran daga hannun masu ci yake fitowa. Na ce Faransawa ma kalmarsu ta tukuici ma'anarta "don sha" ce, kamar yadda na ce wa direban. Ta ce, "To ke naki wa ya sha?" Yaya ba ta iya rarrashi ba.

Abban yara da ya dawo ya zauna a doguwar ya miƙe ƙafa, ya ce mu koma Japan kawai, inda ba a saba da tukuici ba, kowa ya huta. Ban yi dariya ba.

Lambar direban na nan a wayata. Sau biyu ina rubuta "Malam, ya hannun yaron nan?" ina gogewa. Auta ya yi barci a kan kujerar, ko ledar ba mu cire ba.