Watanni shidan farko na tallafin bincike

Aikina a jami'a yana farawa ne bayan an gama murna. Malami ya yi watanni yana rubuta buƙatar tallafi, Allah Ya sa an dace, takardar amincewa ta iso, abokan aiki sun yi masa barka, sai fayil ɗin ya sauko teburina. Daga ranar nan ni da ofishin ma'aji da jagoran binciken mun zama abokan tafiya, ko muna so ko ba ma so, har ranar da za a rufe asusun. Mutanen waje suna ɗauka babban abin da muke tsoro shi ne wani ya cinye kuɗin. Akan samu hakan, amma ba kasafai ba. Abin da na ga ya fi kassara ayyuka shi ne watannin farko da ke wucewa ba a taɓa ko sisi ba.

Kowace takardar tallafi tana ɗauke da ranaku biyu, ta farawa da ta ƙarewa. Abin da aka kashe a wajen wannan tsakanin, mai bayarwa ba ya biya. Akwai ɗan sassauci a wasu wurare: NIH, hukumar da ke tallafa wa binciken lafiya a Amurka, misali, ta yarda jami'a ta fara kashewa kwana 90 kafin ranar farawa, amma da sharaɗin in tallafin bai tabbata ba, asarar tata ce. Ban da irin wannan, agogo yana tafiya ne daga ranar da aka rubuta, ba daga ranar da ka shirya ba.

To ga abin da ke faruwa a ciki. Lauyoyin jami'a za su karanta yarjejeniya, su tsaya a kan wa zai mallaki sakamakon binciken, ko kotun wace ƙasa za a je in an sami saɓani. Sai an sa hannu sannan ma'aji zai buɗe wa aikin lambar asusu. Babu lamba, ofishin ma'aikata ba zai tallata guraben mataimakan bincike ba, ofishin saye ba zai karɓi buƙatar kaya ba. In akwai wata jami'ar da ake aikin tare da ita, ita ma sai an yi ƙaramar yarjejeniya da ita, kuma nata lauyoyin suna nan suna jira da nasu jan biron. Kowane ofishi yana da gaskiyarsa, kowa kuma yana jiran na gabansa. Kafin a ankara, aikin shekara uku ya koma na shekara biyu da rabi, alhali alkawarin da aka ɗauka a rubuce bai ragu da komai ba.

Abin takaicin shi ne wasu daga cikin waɗannan matakan ba sa bukatar jiran kowa. Neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba ya bukatar kuɗi su shigo. Kwamitin kuma ba kullum yake zama ba, kuma da wuya ya amince da takarda a zaman farko ba tare da ya nemi gyara ba, musamman a takardar neman yardar waɗanda za a yi binciken a kansu. Bayanan da aka tattara daga mutane kafin amincewar ta fito, ba a komawa baya a halatta su. Don haka duk wanda ya kawo min labarin cewa an ce masa ya yi nasara, tun kafin takarda ta iso, nakan ce ya miƙa wa kwamitin takardunsa a makon nan, ya rubuta bayanin guraben aikin, ya fara tambayar farashin kaya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wani malami a sashen kimiyyar ƙananan halittu ya taɓa shigowa ofishina da takardar farashin firiza, irin wadda ke sauka digiri 80 ƙasa da sifiri don ajiye samfurin jini. A kasafinsa ya rubuta kuɗin firizar daidai, ko kwabo bai kuskure ba. Sai dai bai sa kuɗin jigila ba, bai sa na fito daga kwastam ba, bai sa na'urar daidaita wuta ba, balle abin da zai riƙe ta in an ɗauke lantarki. Takardar farashin ma wa'adinta ya wuce, kuma dokar saye ta jami'a tana son a kwatanta farashin 'yan kasuwa fiye da ɗaya. Ya ce a ɗebo daga kuɗin tafiye-tafiye a cike. Na ce sai mun rubuta wa masu tallafin sun yarda, domin yarjejeniyarsa ta hana a taɓa layin kayan aiki ba izini.

Ya ajiye tabarau a kan tebur ya ce, "Malama, kuɗin nan fa ni na nemo su."

Na ce, "Haka ne, Dakta, kai ka nemo su. Amma duba shafin ƙarshe, sunan jami'a ne a wurin sa hannu. In odita ya ƙi wannan rasidin, jami'a za a ce ta mayar."

Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wannan ita ce gaskiyar da yawancin sababbin jagororin bincike ba su sani ba: kusan duk manyan masu tallafi hukuma suke bai wa kuɗi, ba mutum ba. Mun rubuta wasiƙa mai sakin layi biyu, amsa ta zo da amincewa, aka sayi firizar. Masu tallafi ba su cika ƙin irin wannan roƙon ba in an yi shi kafin a kashe. Abin da ba sa so shi ne su tsinci canjin a cikin rahoto.

Sai maganar da ta fi haɗa mu faɗa da malamai, wato kason da jami'a ke cirewa na ɗawainiya. Malami yana ganin an yanke masa kuɗin bincike an ba mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Amma wutar ɗakin, da ruwansa, da intanet, da laburare, da albashin akawun da ke haɗa rahoton kuɗi, duk daga wani wuri suke fitowa. Kason ya bambanta ƙwarai. Shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, Horizon Europe, yana ba da kashi 25 cikin ɗari kai tsaye. Gidauniyar Gates tana tsayawa a kashi 10 ga jami'o'in Amurka, kashi 15 ga na wasu ƙasashe. NIH kuwa kashi 8 take bai wa cibiyoyin da ke wajen Amurka. A Birtaniya lissafin daban ne: hukumar tallafin bincike ta ƙasar, UKRI, tana biyan kashi 80 na cikakken kuɗin aikin, jami'a ta nemo sauran. A watan Fabrairun 2025 NIH ta sanar da cewa za ta taƙaita kason jami'o'in Amurka a kashi 15, jami'o'i da jihohi suka garzaya kotu aka dakatar da matakin. Ni dai ina goyon bayan jami'a ta riƙa ɗaukar kason, amma ina ganin malamai suna da hujja a wuri ɗaya: jami'ar da ta karɓi kuɗin ɗawainiya sannan ta bar buƙatar saye ta yi wata biyu a kan tebur, ta karɓi ladan aikin da ba ta yi ba.

Takardar lissafin lokacin da kowa ya ba aikin kuwa, ba wanda ke sonta, har ni. Horizon Europe tana lissafin shekarar aiki a kwana 215, kuma tana son shaidar kwanakin da kowa ya yi wa aikin. Farfesan da ya rubuta kashi 40 na lokacinsa a nan, 50 a can, 30 a wani wurin, ga koyarwa, odita ba ya bukatar dogon bincike, tarawa kawai zai yi. Nauyin ba ƙarami ba ne. Binciken da haɗakar jami'o'i da hukumomin gwamnati mai suna Federal Demonstration Partnership ta yi a Amurka ya nuna jagororin bincike suna ɓatar da kimanin kashi 42 na lokacin aikin a harkar takardu a 2005 da 2012, ya kai kusan 44 a 2018. Shi ya sa nake matsa wa duk mai rubuta babban kasafi ya sa albashin manajan aiki a ciki, ko da na rabin lokaci ne. Malamai sukan goge wannan layin don kasafi ya yi kyau a ido, daga baya su zama su ne masu bin rasidin mota da daddare.

Akwai abin da ba ya hannun kowa. Canjin kuɗi yana iya cinye kasafi in tallafin da kuɗin wata ƙasa aka ba da shi. Mai bayarwa ma yana iya janyewa: a 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajin ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigarta, UKRI, da ke tallafa wa wasu ayyuka da kuɗin agajin, ta sami giɓin fam miliyan 120, ayyukan da suka yi nisa aka ce su rage. Waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda ba su riga sun kashe nasu ba.

Idan lokaci ya ƙure, akan nemi ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba. NIH tana barin jami'a ta ɗauki na farko da kanta, har wata 12. Malamai suna jin sunan sai hankalinsu ya kwanta, su manta cewa ma'aikata za su ci gaba da karɓar albashi a watannin nan daga kuɗin da bai ƙaru ba. Kuma dole a nema kafin ranar ƙarewa.

Bayan ranar, dokar tallafin gwamnatin Amurka tana ba da kwana 120 a miƙa rahotannin ƙarshe, a kuma adana takardu shekara uku. Tarayyar Turai shekara biyar take so. A lokacin nan mataimakan bincike sun daɗe da tafiya, domin duk mai kwantiragin da zai ƙare yakan fara neman wani aikin tun da sauran watanni, ɗalibin digiri na uku da ya san inda kowane fayil yake shi ma ya kammala. Don haka nake karɓar kwafin bayanai, da lambobin sirrin kwamfutocin aikin, da jerin kayan da aka saya tare da lambar kowanne, tun ana saura wata shida a rufe, lokacin da kowa yana nan kuma yana ɗaukar waya.