Godiyar Iyalinmu Bayan Bikin Ista

'Yan'uwa cikin Almasihu da abokan arziki, sai yau na sami natsuwar rubuta wannan godiya, domin tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba. Kun san jinyar da Baba ya sha tun farkon azumin kwana 40, kun kuma san yadda ya nace sai an kai shi sujadar Ista ranar 31 ga Maris, kwana uku kacal bayan an sallame shi daga asibiti.

Abin da ya ƙi barin zuciyata shi ne abin da ya faru ana tsaka da karatun Matiyu sura 28, daidai inda mala'ika yake shaida wa matan da suka je kabari cewa Yesu ya tashi. Majami'a ta cika maƙil, ga zafin bazara, ga shi an ɗauke wuta. Na juya zan miƙa masa ruwa, sai na ga littafin waƙoƙi ya zame daga hannunsa, kansa ya langaɓe a kafaɗata. Sau uku ina cewa Baba, bai amsa ba. A ranar da ake murnar tashi daga matattu, ni na zaci na zama marainiya.

Na san ba a saba ware wasu a cikin godiya ba, amma ku gafarce ni. Mama shugabar Zumuntar Mata, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta durƙusa a ƙasa da farin ankonta, ta kwance masa wuyan riga, ta riƙe hannunsa har numfashinsa ya daidaita. Mama, Ubangiji ya tuna da ke kamar yadda kika tuna da mu. Sai maƙwabcinmu Malam mai Keke Napep, wanda yake ɗauke da azumin Ramadan a bakinsa, amma kira ɗaya ya zo ƙofar majami'a, ya kai mu asibiti, ya tsaya a rana har la'asar, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ai Baba uban kowa ne a layinmu. Malam, Allah ya karɓi ibadarka, ya yalwata maka arziki.

Ranar Litinin matasa sun shirya fita Galili, wato yawon shaƙatawa na washegarin Ista, kamar kowace shekara, amma suka fasa, suka kawo gangunansu da tukunyar shinkafa da zoɓo mai sanyi tsakar gidanmu. Baba yana kishingiɗe a tabarma yana bin waƙa da leɓɓansa, hawaye na bin kumatunsa.

Akwai danginmu na jini da labari ya kai musu tun daren Lahadi, har yanzu ko waya ba su buga ba. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba, sai dai Baba ya tambaye su sau biyu, ni kuma na rasa amsar da zan ba shi.

Baba Rabaran, dattawan ikilisiya, mawaƙa da duk wanda ya durƙusa dominmu, Ubangiji da ya tashi daga matattu ya ziyarci gidajenku, ya warkar da marasa lafiyarku, ya share hawayenku, ya kai mu Ista ta baɗi da rai da lafiya. Ranar Alhamis za mu koma ganin likita, muna roƙon ku ci gaba da sa Baba cikin addu'a.