Fayil Biyu, Yaro Ɗaya

Shari'ar riƙon yara ta farko da na tsaya ni kaɗai, babu wani babban lauya a bayana, ranar Alhamis aka yanke ta, a wata kotun Musulunci cikin birnin Kano. Matar da nake wa aiki mijinta ne ya sake ta. Tun ba ta gama idda ba ya turo ƙanwarsa ta ɗauki yaran biyu da sunan za a kai su gaida kakarsu, daga nan ba a dawo da su ba. Namijin shekararsa bakwai, macen uku. Wata huɗu tana zarya tsakanin dangi da mai unguwa, kowa maganarsa ɗaya: ki yi haƙuri, ai 'ya'ya na uba ne.

Na shiga kotu da littattafai fal jaka, kamar mai shirin jarrabawa, alhali hujjar ba ta da wani wuya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, hadana, wato riƙon yaro, bayan saki ta uwa ce: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Idan uwa ta rasu ko ta yi aure, riƙo ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Uba yana can baya a layi. Na kawo hadisin matar da ta je wajen Manzon Allah (SAW) tana cewa cikinta ne mazaunin ɗanta, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi, aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Alƙali ya bar ni na gama, ya yi murmushi ya ce, "Barista, duk wannan mun karanta." Sai ya juya wajen mijin: "Malam, akwai wani aibu da za ka iya tabbatarwa a kanta?" Mutumin ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai 'ya'yana ne."

Aka yanke hukunci ya mayar da yara, ya riƙa ba da naira dubu shida duk wata na ciyarwa, kuɗin makaranta da na asibiti kuma a wuyansa. Matar ta rungume ni a bakin kotu tana kuka. Na koma ofis na rubuta "an kammala" a bayan fayil, na jefa shi cikin durowa.

Wannan magana ta "'ya'ya na uba ne" gaskiya ce da aka ajiye a inda ba muhallinta ba. Nasaba ta uba ce, walicci nasa ne, ciyarwa ma a kansa take. Amma wa zai yi wa yaro wanka, wa zai tashi da shi cikin dare idan zazzaɓi ya kama shi, wannan wani babi ne daban. Ko Sayyidina Umar bai sami yadda yake so ba a nan. Ya zo a Muwaɗɗa cewa ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa zai tafi da shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar, wanda ya ce ya bar mata yaron, kuma Umar bai ƙara cewa uffan ba. Mu kuwa a al'ada, da an yaye yaro sai a ce lokacin komawa gidan ubansa ya yi, wani lokaci ma ba gidan uban ba, hannun wata gwaggo da ba ta taɓa haihuwa ba. Mata da yawa ba su san shari'a tana bayansu ba, waɗanda suka sani kuma suna tsoron a ce sun kai uban 'ya'yansu ƙara.

Shekara shida bayan wancan hukunci, wayata ta yi ƙara bayan sallar isha'i. Muryar tsohuwa ce. "Barista, ɗanki ne 'yan sanda suka kama, kwanansa biyu ke nan." Sai da ta yi mini bayani sosai na gane kakar yaron nan ce, mahaifiyar matar da na tsaya wa.

A hanyar caji ofis ta warware mini abin da ya faru bayan na rufe durowa. Uban ya biya kuɗin ciyarwa wata biyu ya daina. Uwar ta koma kotu sau ɗaya aka aika masa sammaci, ya zo ya ce kasuwa ta karye, aka ɗaga zama. Kuɗin adaidaita na zuwa kotu da dawowa ya kusa cinye abin da ake nema, sai ta haƙura. Ta yi shekara ɗaya da rabi tana zawarci a ɗakin uwarta, tana wankau tana ciyar da su, har wani ya fito. Shi kuma tun kafin a ɗaura ya faɗa mata ba ya riƙon agola. Ko da ya yarda ma, aurenta da wanda ba muharramin yaran ba ne ya riga ya sauke mata haƙƙin riƙo. Yara suka zauna hannun kaka, kamar yadda littafi ya ce. Abin da littafi bai ce ba shi ne kakar nan ƙosai take soyawa a ƙofar gida, ga ciwon ƙafa. Da abin ya fi ƙarfinta, da kanta ta kai su gidan ubansu. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Ba zan ɗora wa matar uban laifi ba, don ban ji ta bakinta ba, kuma ita ma da nata 'ya'yan biyar. Macen aka ba wata gwaggo a wani gari. Namijin ya fara kwana a shagon abokai, daga nan tasha, daga nan 'yan jari-bola. Wayar wutar injin ruwa ta wani gida aka kama shi da ita.

Da aka fito da shi ban gane shi ba. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, idonsa a ƙasa. Na duba takardar da aka rubuta bayaninsa, sai na ga an sa shekara 18.

Duk wanda ya yi aiki a wannan fanni ya san wannan lambar. Yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shi kansa yaron in ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce bai sani ba, sai a dube shi da ido a rubuta. Kuma rubuta 18 ya fi sauƙi ga kowa, don babban mutum gaban majistare za a kai shi a wuce da shi gidan yari, magana ta ƙare. Yaro kuwa sai an nemo iyayensa, an kira ma'aikacin jin daɗin jama'a, an raba shi da manya a wurin tsarewa. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta shekarar 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Sashe na 204 ya ce ba a bi da shi ta hanyar shari'ar manyan masu laifi, sashe na 209 ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuka ta hanyar sulhu da biyan diyya ba tare da an je gaban alƙali ba, sashe na 221 kuma ya hana ɗaure yaro a kurkuku. Sai dai dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, shi ya sa Kaduna sai a 2018 ta samu, Kano kuwa sai a 2023. Tun kafin su ma, sashe na 50 na Final Kod, tsohuwar dokar laifuka ta Arewa, ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya yi ba laifi ba ne, haka wanda bai kai 12 ba idan hankalinsa bai kai ya gane abin da ya aikata ba. Duk wannan kariya a kan lamba ɗaya take rataye, kuma wanda ke riƙe da biro shi ke rubuta ta.

Abin da duniya ta gani ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su bayan 'yan kwanaki, bai zo mana da mamaki ba. Kyamara ce kawai ta shiga ɗakin a ranar.

A daren nan na koma ofis na zazzage durowa. Cikin tsohon fayil ɗin riƙo na tarar da kwafin katin rigakafin yaron, wanda na gabatar shekara shida baya don nuna wa alƙali ƙanƙantarsa. Ga ranar haihuwa ɓaro-ɓaro, shekararsa 13. Da safe na kai wa jami'in da ke binciken. Ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Hajiya, ai da kun kawo wannan tun farko." Ban ce masa komai ba, don beli nake nema ba gardama ba. Aka kira mai injin ruwa, dattijo ne mai sauƙin kai. Ya dubi yaron ya ce ko jikansa ya girme shi. Kawun yaron ya biya kuɗin waya, aka rubuta takardar sulhu, muka fito kafin azahar.

Tun daga ranar na daina ware waɗannan shari'o'i gida biyu a kaina. A makarantar lauyoyi daban ake koyar da su, a kotu ma daban ake sauraronsu, amma in na zauna da yaron da aka kama da satar waya ko shan sholisho na bi labarinsa baya, sau da yawa sai na iske saki, ko mutuwar uwa, ko rigimar riƙo da manya suka yi suka gaji suka watse.

Yadda nake karɓar ƙara ma ya sauya. Da, mace na zama zan fara lissafa mata haƙƙoƙinta. Yanzu tambaya nake fara yi, wasu ma ba su da daɗin ji. Da me za ki ciyar da su idan bai biya ba? Akwai wanda ke neman ki? Ya san da yaran? Mahaifiyarki tana da rai, kuma tana da ƙarfi? Wata takan ɓata rai ta ce, "Anti, ni 'ya'yana nake so, ba aure na zo nema ba." Nakan ce mata na sani, amma shekarunki 24, kuma gidanku ba za su bar ki ki zauna ba. Gara mu san inda yaran za su tun yanzu. A nan nake gaya mata wata mas'ala da mutane ba su cika sani ba: malaman Malikiyya sun ce idan uwa ta yi aure, wanda riƙo zai koma hannunsa ya sani kuma ya yi shiru har shekara guda babu uzuri, to haƙƙinsa ya faɗi, yara su ci gaba da zama wurinta.

Batun ciyarwa kuwa, na koyi cewa adadin da alƙali ya yanke ba shi ne abin dubawa ba, yadda za a karɓa ne. Dubu shidan da na yi murna da ita a wancan lokaci yau ba ta zuwa ko'ina. Don haka nakan roƙi kotu a riƙa biya ta hannun rijistara a ba da rasit, kuɗin makaranta ya tafi makaranta kai tsaye, manomi kuma a yanka masa buhun hatsi da kaka maimakon kuɗin wata da ba shi da su. Nakan nemi wani babba daga dangin uban, yayansa ko baffansa, ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa, domin mutumin da ba ya jin kunyar sammaci yakan ji kunyar yayansa.

Na kuma daina kallon uba a matsayin abokin gaba. Wannan ya ɗauke ni lokaci, don na fara aikin nan da zafin kai. Na ga uban da ya zo kotu saboda ya tarar da 'yarsa mai shekara takwas tana tallan goro a tasha da daddare, kuma gaskiya ce da shi. Na ga uwar da ta hana uba ganin ɗansa shekara biyu don ta rama abin da ya yi mata. Ayar Baƙara ta 233 da muke yawan jawowa kan shayarwa da ciyarwa, ita ce ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Uban da aka wulaƙanta a kotu, aka hana shi ganin yara, da wuya ya ci gaba da aiko da ko sisi. Shi ya sa ba na barin a rufe zama sai an rubuta ranakun ziyara dalla-dalla: wace Juma'a, wa zai kawo, wa zai mayar, ina za a yi ƙaramar salla, ina za a yi babba.

Sai yaron kansa. Abin da na fi ƙi shi ne a tsayar da ƙaramin yaro tsakanin uwa da uba a ce masa wa kake so. Duk amsar da ya bayar zai daɗe yana ɗauke da ita. In ina son jin ta bakinsa, gefe nake ja shi, in tambaye shi wa ke ba shi abincin safe, ina yake kwana, wa yake gaya wa in an doke shi. A shari'ar farko ban yi wa yaron nan magana ba ko sau ɗaya. Yana zaune a kan benci a waje da ƙanwarsa a cinya, na wuce shi na shiga, na fito na wuce shi.

Ranar da muka fito daga caji ofis muka zauna a zauren kakarsa, ni da ita da kawunsa mai gyaran babur. Uban yana hanyar Legas, ta waya ya ce duk abin da aka yanke ya amince. Aka tsayar yaron zai koma wurin kawu, safe shago, yamma islamiyya. Muna ta magana a kansa yana rakuɓe a bakin ƙofa, sai na tuna, na juya na ce masa ko yana da abin faɗa. Ya daɗe yana wasa da bakin rigarsa, sannan ya nuna fayil ɗin da ke hannuna.

"Anti, a cikin takardar nan an rubuta zan iya ganin ƙanwata?"

Shekara uku rabonsa da ita. Na buɗe hukuncin, shafi biyu ne da rabi, na karanta daga sama har hatimin kotu duk da na san abin da ke ciki. Na ce masa ba a rubuta ba. Kakar ta ce ta san gidan gwaggon, daga tasha ba nisa. Kawun ya ce Asabar ba ya buɗe shago da wuri.