Ashe mai ne ke tafasa, mu muna ta zargin kafireto

'Yan uwa, yau dai sai ku bar ni in yi fariya kaɗan, don sati biyar munka kwashe wagga a-kori-kura tana wasa da hankalinmu, jiya da la'asar Allah ya kawo ƙarshen abin.

Ga waɗanda ba su bi mu tun farko ba, Peugeot 504 ce ta ɗaukar kaya, irin waɗanda anka riƙa haɗawa a Kaduna, munka saye ta mu biyar a hannun wani mai jigilar albasa. Burinmu mu ga iyakar gudunta a miƙaƙƙen fili, irin yadda ake yi a Bonneville can jihar Yuta ta Amurka, inda ake taruwa kowane watan Agusta a kan busasshen gishiri, mota ɗaya ke fita a auna ta ita kaɗai. Mu dai ba mu da gishiri, faƙo gare mu bayan gari wajen hanyar Kware, da waya mai GPS, don agogon gudun motar ya mutu tun ba a haifi yaron shagommu ba.

Injin mun sauke shi mun yi ringi da gaskit, birki sabo, lagireto an wanke, wannan duk kun san aikin. Matsalar ita ce, da sanyin safiya mota lafiya lau, ta kai kilomita 105 a awa tana neman ƙari. Amma da rana ta take, ka yi zuwa ɗaya ka dawo ka tsaya minti biyar, kana sake taka totur sai ta fara shessheƙa kamar mai tarin asuba, ta yi tari biyu ta mutu. Ka yi ta murza makulli har batir ya gaji. Ka bar ta rabin awa, ta tashi kamar ba ita ba.

Nan fa kowa ya zama malami. Mai wayarimmu ya rantse kwayil ce ke zafi, munka canza. Filogi huɗu sababbi. Ni kuma na kafe a kan kafireto, na warware namu ƙirar Solex ɗin nan har sau uku ina busa jet da baki, ƙarshe na sa munka sayo wani na hannu naira 48,000, wanda mai shagon ya ce daga waje ya zo, ashe ya fi namu tsufa. Wannan kuɗin har yanzu in na tuna sai in ji ɗaci, don kuɗin tayoyin gaba ne munka taɓa, kuma ni na ja mu.

Wanda ya fid da mu wani dattijo ne tsohon direban hanyar Illela da ke zama bakin garejimmu yana shan shayi. Jiya ya bi mu fili don kallo, da ta mutu ya ce, yaro buɗe bonet. Ya fasa fiya wata guda biyu a kan fanfon mai, ya jiƙa tsumma ya naɗe fayif ɗin, ya ce tada. Bugu ɗaya ta tashi. Wallahi kunya ta kama ni. Na ce Baba mi ke nan? Ya ce leƙa tacen mai ka gani. Tacen namu irin na roba ne mai haske, ina dubawa sai ga kumfa tana tasowa cikin fetur kamar an kaɗa lemun kwalba.

Abin da ke faruwa, lokacin da munka sa sabon salansa mai faɗi, mai walda ya lanƙwasa fayif ɗin mai ya bi ta kusa da bakin salansar, tazarar ba ta kai yatsa biyu ba. Ga zafin Sakkwato na Afrilu da ke wuce digiri 40, ga mota ta tsaya babu iska mai shiga ƙarƙashin bonet, sai fetur ya koma tururi a cikin fayif. Fanfon 504 kuwa a jikin injin yake, zuƙo mai yake yi daga tanki, in ya zuƙi tururi to banza ne, kafireto ya bushe. Shi ya sa safiya ba ta yi mana haka.

Daren jiya munka janye fayif ɗin ya bi ta ɗaya gefen, munka yanko falange munka yi mishi garkuwa tsakaninshi da salansa. Yau ƙarfe biyu na rana, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa, munka yi zuwa huɗu a jere da tsayawa a tsakani, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Waya ta nuna 121 zuwa, 117 dawowa da iska a gaba, kuma tsakiyar biyun muke rubutawa, wato 119. Na san Andy Green, Baturen Ingila da ya kafa tarihin gudun mota, ya yi sama da kilomita 1,200 a awa tun 1997, to shi injin jirgin yaƙi biyu gare shi, mu motar albasa.

Yanzu gardama ta koma kan fanfon lantarki kusa da tanki, wanda zai riƙa turo mai maimakon zuƙowa. Ni ina so, ogammu ya ce ba wanda zai ƙara taka ta sama da 100 sai an gama kejin ƙarfe a cikin kan motar an sa bel mai kyau, kuma da gaskiya tai, don sitiyari ya fara rawa tun daga 115. In akwai wanda ya taɓa sa fanfon lantarki a 504 ya gaya mini ko ya cire na injin gaba ɗaya ko ya bar shi. Kafireton 48,000 kuma yana nan a kwali, mai so ya yi tayi.