Abin da na gani a kwamitin duba littattafan tarihi

Ni malamin tarihi ne, kuma an taɓa sa ni a kwamitin da aka ɗora wa tantance littattafan ɗaliban sakandare. Akwai malamai, akwai wakilan iyaye, da jami'i guda daga ma'aikatar ilimi. Ƙarya tsagwaronta ba ta ba mu wahala ba, don tana da saurin kamuwa. Son rai na siyasa ya fi ɓuya a cikin abin da aka taƙaita da abin da aka yi shiru a kansa.

Wani littafi ya ware wa wani shugaba shafuka masu yawa: ga hotonsa yana buɗe asibiti, ga gadar da ya gina, ga makarantu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk gaskiya ne. Amma tsare 'yan jarida da aka yi a zamaninsa layi ɗaya tal aka ba shi, can ƙasan shafi. Wanda ya gaje shi, ɗan wata jam'iyyar, sakin layi biyu ya samu, rabi a kan tsadar rayuwa. Sai tambayar ƙarshen babi: "Lissafa nasarori biyar na gwamnatin wane." Ba inda aka ce yaro ya auna komai. Yaro kuwa abin da zai fito a jarrabawa yake haddacewa, shi ya sa mai rubuta tambaya ya fi mai rubuta babi ƙarfi. Tun daga ranar, duk littafin da aka miƙo mini daga tambayoyinsa nake farawa.

Da na tayar da maganar, zama ya ɗau zafi. Jami'in ya ce gwamnati ke biyan albashi, ita jama'a suka zaɓa, don haka ita ke da ta cewa. Wata uwa ta katse shi: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanmu ne fa, gidanmu suke kwana." Kuma tana da madogara, domin sashe na 26 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ba iyaye fifiko wajen zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Mu malamai muka ce ai mu muka karanci fannin.

Hujjar jami'in ta fi damuna, saboda mulki juyawa yake. A Koriya ta Kudu, gwamnatin Park Geun-hye ta yanke a 2015 cewa ita za ta fitar da littafin tarihi guda na makarantu. Masana tarihi da dama suka ƙi sa hannu a aikin, kuma da Moon Jae-in ya hau mulki a 2017 sai ya soke shirin. Zaɓen masu kula da manhaja kai tsaye ma bai raba gardama ba: a jihar Texas ta Amurka, hukumar ilimi mai zaɓaɓɓun mambobi 15 ta amince da sabuwar manhajar zamantakewa a 2010, ƙuri'a ta rabu daidai kan layin jam'iyya. Iyaye kuma, waɗanda ke zuwa taro su ne masu lokaci da murya. Mu malamai ma muna da jam'iyyun da muke so, har aji muke shiga da su.

Abin da ya fitar da mu wata ƙa'ida ce da malaman Jamus suka cimma a garin Beutelsbach a 1976. Ta hana malami danne ɗalibi da ra'ayinsa, ta ce duk abin da ake saɓani a kansa tsakanin masana da 'yan siyasa dole ya zo aji a matsayin abin saɓani, a kuma koya wa ɗalibi auna lamari da kansa. Da muka ɗora littafin a kan wannan sikeli, har jami'in ya yarda babin ya karkata.

Ba mu jefar da littafin ba. Mun haɗa shi da rahotannin jaridu biyu na wancan zamani, ɗaya na yabo ɗaya na suka, muka sake tambayar ta koma: "Me kowace jarida ta faɗa, me ta ɓoye, kuma wa ya mallake ta?" Muka kafe daftarin inda kowane uba da uwa za su karanta kafin a amince. A ajina, wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ta lura cewa jaridun biyu sun ba da adadin waɗanda aka tsare daban-daban, ta tambayi wanne za a yarda da shi. Darasin ranar gaba ɗaya a kan tambayarta ya ƙare.

Matsayina yanzu shi ne gwamnati ta tsara darussa ta biya kuɗi, masana da malamai su rubuta, iyaye su ga komai a fili su yi ƙorafi, kuma wa'adin masu tsara manhaja kada ya zo daidai da na 'yan siyasa. Inda har yau hannunmu bai kai ba shi ne jarrabawar ƙarshe. Wasu ne can suke tsara ta, kuma tana nan tana cewa a lissafa nasarori biyar. Dole nake koya wa ɗalibaina amsar da za ta ba su maki, sannan mu buɗe jaridun.